Iskar Ozon da Huhun Mai Aikin Rana

Darasinmu na wannan karo a kan wata iska ne wadda ido ba ya ganinta, amma ƙirji yana jin ta. Sunanta ozon. Karanta a hankali. Idan kalma ta yi maka wuya, tsaya ka maimaita ta, sa'an nan ka karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.

Ko kai makiyayi ne a Fulatari, ko mai garkar tattasai a bakin Komadugu, ko mai sana'a a cikin garin Diffa, ka san wannan abu: wata rana mutum ya yini yana aiki cikin rana, da yamma sai ya ji maƙogwaro yana ƙaiƙayi, tari busasshe yana taso masa, in ya ja dogon numfashi ƙirji ya yi zafi kamar an soke shi. Babu zazzaɓi, babu mura. Yawanci mukan ce ƙura ce ko hayaƙi, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai na uku da ke tafiya tare da su, shi ne za mu duba.

Mece ce ozon?

Iskar da muke shaƙa gauraye take. In ka raba ta kashi 100, kashi 21 ita ce oksijin, watau iskar da ke riƙe rai, wadda kuma wuta ba ta ci sai da ita. Ƙananan ƙwayoyin oksijin bibbiyu suke tafiya, kamar shanun noma a ƙarƙashin karkiya ɗaya. To, wani lokaci sai ta uku ta liƙe musu. In sun zama uku, sunan ya sake, hali ma ya sake: ta zama ozon. Wannan ta ukun ba ta zauna da kyau ba. Duk abin da ta taɓa, sai ta sauka a kansa ta ci shi, ko roba ne, ko ganye, ko naman cikin huhu.

Wani masani Bajamushe, Christian Schönbein, shi ya ba ta suna wajen shekarar 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin sansana, don tana da wari. Mai yiwuwa ka taɓa jin sa. Bayan tsawa da walƙiya, ko kusa da mai walda yana aiki da lantarki, akan ji wani wari mai kaifi. Akwai ozon a cikinsa.

Ka lura da kyau a nan, don kada maganar ta rikice maka. Yawancin ozon ɗin duniya, wajen kashi 90 cikin 100, tana can sama ƙwarai, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa. Waccan rahama ce. Ita ke tare mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido, shi ya sa ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987 don kare ta. Ba da ita muke ba. Muna magana ne a kan wadda ke nan ƙasa, daidai hancinka da ganyen shukarka. Wuta a murhu abinci take dafawa, wuta a jinka gobara ce, ko da yake wutar ɗaya ce.

Inda take fitowa

Babu inji ko murhun da ke fitar da wannan ozon ta ƙasa kai tsaye. Dafa ta ake yi a cikin iska, kuma rana ce mai dafawar. Kayan haɗin iri biyu ne. Na farko iskar da ke fita duk inda wuta mai zafi ta ci: bututun mota da babur, injin ban-ruwa, janareto, gobarar daji. Na biyu tururin fetur da sauran abubuwan da ke cikin hayaƙin itace da kara, har da wanda itatuwa da kansu suke fitarwa. In waɗannan biyu sun haɗu, rana ta buga su na ƴan sa'o'i, sai ozon ta samu. Saboda haka da asuba kaɗan ce. Tana ƙaruwa da hantsi, ta kai ƙarshen yawanta tsakanin azahar da la'asar, da dare kuma ta ragu.

Manoma ne suka fara ganin ɓarnarta. A shekarun 1940, masu lambu a kewayen birnin Los Angeles na Amurka suka ga ganyayensu suna ƙonewa ba tare da wata cuta ko ƙwaro ba, mutanen gari kuma idanunsu na hawaye. Wani masani, Arie Haagen-Smit, ya bi sawun abin, a farkon shekarun 1950 ya nuna cewa hayaƙin motoci da na matatun mai ne rana ke juyawa ya zama ozon. Har da guntun roba ya yi awo: ya miƙe ta a cikin iska, ya duba minti nawa za ta yi kafin ta tsattsage.

Za ka ce, ai wannan zancen manyan birane ne, ina ruwan Fulatari? Amsar tana da ban mamaki. A bakin bututun mota, sabon hayaƙi yakan cinye ozon ɗin da ke wurin. Sai iska ta kwashi kayan haɗin ta yi gaba da su, suna dahuwa a hanya, ozon ta taru a nesa, wani lokaci ɗaruruwan kilomita daga inda aka yi hayaƙin. Don haka sau da yawa ƙauyen da ke bayan birni ya fi tsakiyar birnin samun ta.

A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, babbar tukunyar ita ce ƙonar daji da ta gonaki, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwai kuma wata hanya da ba hannun mutum a ciki. In ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, ƙananan halittun da ke cikin ƙasar sukan farka su fitar da irin iskar nan ta farko. A damanar 2006 masana suka yi ta tashi da jirgin sama mai na'urori daga Yamai, suka tarar ozon ta fi yawa a saman wuraren da ruwa ya jiƙa ba da daɗewa ba. A ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai, akwai tashar awon iska da ta yi shekaru tana aiki, ita ma ta nuna ozon tana ƙaruwa da damana. Abin da aka auna a can bai kai na manyan biranen masana'antu ba, kuma bai kamata mu tsorata ka da abin da bai kai ba. Sai dai huhun mutumin nan yankin ba a hutawa yake ba. Hazon hunturu da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, ta kanmu yake fara bi. Ga hayaƙin murhu safe da yamma, ga na bandar kifi, ga injunan ban-ruwa jere a bakin kogi lokacin tattasai. Jakin da aka riga aka labta wa kaya, ƙaramin ƙari ma yana jin sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: kada ozon ta wuce mikrogiram 100 a cikin mita ɗaya ta iska, watau mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, in an auna na sa'a 8. Ga yadda za ka gane ƙanƙantar wannan. Mita ɗaya ta iska daidai take da cikin duro biyar na lita 200. Mikrogiram 100 kuwa, kamar ka raba ƙwayar hatsi ɗaya kashi ɗari ka ɗauki ɗaya. Abin da ya wuce wannan ɗan mitsitsin a cikin duro biyar, ya isa ya dami huhu.

Cikin ƙirjinka

Ɗauki huhu kamar itaciya da aka juya kanta ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin. Ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har wajen sau 23, rassan suna ta sirancewa har su fi zare. A ƙarshensu akwai ƴan jakunkuna na iska, tsakanin miliyan 300 da 500. Bangonsu ya fi fatar albasa rashin kauri nesa ba kusa ba, kuma ta nan ne oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Babban mutum yana shaƙar iska wajen lita 10,000 a kwana ɗaya, cikin duro 50 ke nan. Duk abin da ke cikin wannan iska sai ya bi ta wannan hanya.

Allah bai bar hanyar ba tsaro. Gashin hanci yana tare manyan ƙura. Cikin rassan akwai majina mai kama ƙanana, a ƙarƙashinta kuma ƴan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo dattin sama, ka tofar ko ka haɗiye ba ka ma sani ba. Can ƙasa cikin jakunkunan kuma akwai masu gadi. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, suna rarrafe, duk ƙwayar cuta ko ƙurar da ta kai wurin su lulluɓe ta su haɗiye. Likitoci suna ce musu makrofaj, ma'anarsa babban maci. Mu a nan za mu kira su masu haɗiya. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, shi ya gano irin wannan aiki a 1882, da ya soka ƙaya a jikin wata ƴar halittar teku, washegari ya duba da madubin likita ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar.

In abin ya fi ƙarfin masu haɗiya, sai su yi kira. Masu amsa kiran su ne wasu fararen ƙwayoyin jini, sunansu nutrofil, su ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jinin mutum. Mu kira su dakarun gaggawa. Ba su da haƙuri. Suna isowa sai su zuba guba mai narkar da ƙwayar cuta, su mutu a wurin. Mugunyar da kake gani a maruru, yawancinta gawarwakinsu ne. Zuwansu, da buɗewar hanyoyin jini, da ruwan da ke tsattsafowa, da ja da zafi, shi ake kira kumburi. Kumburi ba cuta ba ne a kan kansa, yaƙin jiki ne. Illarsa tana zuwa in an yi yaƙin ba abokin gaba, ko an ƙi daina shi.

Abin da ozon ke yi

Wasu iskoki masu guba suna narkewa a cikin danshin hanci, su tsaya a can. Ozon ba ta narkewa da sauƙi, don haka takan zarce har ƙananan rassa, kusa da jakunkunan iska. Akwai wani siririn ruwa da ya shafe cikin huhu duka, a cikinsa akwai abubuwan kariya, ɗaya daga cikinsu bitamin C. Su ne ke fara karɓar dukan. In ozon kaɗan ce, sun ishe ta. In ta yi yawa, ko an daɗe ana shaƙa, sai su ƙare, ta afka wa maiƙon da ke cikin ruwan da bangon ƙwayoyin. Ka san yadda man shanu ke yin ɗaci in ya daɗe a buɗe. Kusan haka take yi wa wannan maiƙo, amma nan take.

Daga nan abubuwa suke bin juna. Ƴan gashin nan masu shara suna lalacewa. Bangon rassan, wanda dā yake a liƙe gam, ya fara yoyo. Ƙwayoyin da suka ji rauni su aika saƙo cikin jini, dakarun gaggawa su yi ta ɓullowa cikin ƴan sa'o'i. Sun zo, amma babu ƙwayar cutar da za su kashe. Gubarsu sai ta zuba a kan naman huhun da suka zo karewa. Kamar a yi kururuwar ɓarawo cikin dare, samari su fito da sanduna su tattake garkar mai gida, alhali ba kowa.

An ga wannan da ido. A garin Chapel Hill na Amurka, likitoci sun sa samari lafiyayyu, da yardarsu, a ɗaki mai ozon suna motsa jiki, sa'an nan suka wanko cikin huhunsu da ruwan gishiri suka ƙirga abin da ya fito. A binciken da aka buga a 1989, bayan sa'a 2 cikin ozon mai yawa, dakarun gaggawa sun ninka wajen sau 8, kuma sa'a 18 bayan fitowa aka yi ƙirgar. A na 1991 an rage ozon ɗin zuwa wajen mikrogiram 160, aka tsawaita lokacin ya wuce sa'a 6, kusan yinin manomi ke nan. Nan ma kumburi ya bayyana. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganinmu shi ne halin da aka tarar da masu haɗiya: ƙarfinsu na haɗiya ya ragu. Tun shekarun 1960 an ga irin haka ga ɓeraye. Waɗanda aka shaƙa wa ozon sa'an nan aka shaƙa musu ƙwayar cuta sun fi mutuwa a kan waɗanda ƙwayar cutar kaɗai suka shaƙa. Watau ozon tana ta da yaƙi a inda ba a bukata, tana kuma gajiyar da mai gadin ƙofa. Ƙwayar ciwon haƙarƙari da ta zo bayan haka, hanya ta yi mata sauƙi.

Zafin da kake ji in ka ja dogon numfashi kuwa, daga jijiyoyi ne. Akwai ƙananan jijiyoyin ji a bangon rassan. In ozon ta taɓa su, sai su hana ƙirji buɗewa sosai, numfashi ya zama gajere, da sauri.

Akwai wata yaudara da ya kamata ka sani. In mutum ya shaƙi ozon kwana da kwanaki a jere, rana ta farko da ta biyu ne ya fi jin jiki. Zuwa ta huɗu ko ta biyar tari ya lafa, sai ya ce na saba. Da aka duba cikin huhun irin waɗannan mutane, an tarar wasu alamun rauni suna nan ba su tafi ba. Ƙararrawar ce ta yi shiru. Raunin da ake ta famawa shekara da shekaru kuwa yakan bar tabo, rassan su yi kauri su ƙuntata. Masu ƙididdigar cututtuka na duniya sun kiyasta cewa a 2021 ozon tana da hannu a mutuwar mutum wajen 490,000, ta hanyar ciwon toshewar huhu mai daɗewa.

Wa ta fi kamawa?

Mai aikin ƙarfi a fili, shi ne na farko. Kana zaune, lita 6 zuwa 8 kake shaƙa a minti. Kana huɗa, ko jan guga a rijiya mai zurfi don shayar da garke, ko ɗaukar buhunan tattasai, sai ta ninka sau biyar ko fiye, kuma ta baki kake shaƙa, hanci bai tace komai ba. A ƙasar Kanada an bi ma'aikatan gona masu tsinkar ƴaƴan itace a kwarin Fraser a 1993, ana auna numfashinsu safe da yamma. Ranar da ozon ta ƙaru, ƙarfin numfashinsu ya ragu, har washegari da safe bai gama dawowa ba, alhali ozon ɗin wurin ba ta yi yawa ainun ba.

Sai yara. Huhunsu bai gama girma ba, kuma gwargwadon jikinsu sun fi babba shaƙar iska. A kudancin Kalifoniya an bi yara wajen 3,500 har shekara 5. A garuruwa masu ozon da yawa, yaran da suka fi wasan guje-guje a fili sun fi kamuwa da asma wajen ninki 3. A garuruwa masu iska mai kyau, wasa bai ƙara musu komai ba. Laifin ba na wasa ba ne. Tuna da wannan in za ka tura yaro kiwo ko korar tsuntsu da tsakar rana.

Mai asma, da tsoho mai tsohon tari, da mai shan taba, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, su ma suna gaba. Ga mai asma, ozon tana sa rassan su zama masu saurin tsukewa, har ƙurar sussuka da dā yake jurewa ta tayar masa da ciwo. Mai walda kuwa, a gaban fuskarsa ake yin ozon ɗin, don hasken waldar ne ke yin ta. Ya yi aikinsa inda iska ke ratsawa, kada ya shige cikin shago ya rufe, kada kuma ya sunkuya kansa cikin hayaƙin.

Shuka ma tana shaƙa. Ganye yana da ƴan ƙofofi, in ya sha ruwa sosai sai su buɗe, saboda haka shukar ban-ruwa ta fi shan ozon. Alkama, wake, gyaɗa, auduga, tumatir, albasa da kankana suna cikin masu jin ta. Alamar ita ce ɗige-ɗige ƙanana, ja-ja ko ruwan ƙasa, a saman tsofaffin ganye, tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuma suna nan kore. Amma ƙwari da wasu cututtuka suna yin kama da haka. Kai ganyen wurin malamin gona kafin ka kashe kuɗi a kan maganin feshi.

To, me za ka yi?

Rawani da ƙyallen rufe hanci suna rage manyan ƙura, ka ci gaba da sa su ranar hazo. Amma ozon iska ce, tana ratsa tufa. Abin da ke kare ka daga gare ta shi ne lokaci. Aikin da ya fi sa haki, yi shi daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya. Hutun tsakar rana da iyayenmu suke yi yana da dalili fiye da zafi. Cikin ɗaki ozon ta fi kaɗan, don bango da tabarma da tufafi suna cinye ta, muddin ba hayaƙi a ɗakin.

Maganar hayaƙi kuwa, bari mu faɗa maka gaskiya: a gidajenmu ya fi ozon kisa nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Uwargida, ki yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen itace, ki sauke goyo ki ba wani ya riƙe miki nesa da murhu. Murhun da aka gina da laka yana rage cin itace. Wanda ke da hali a gari, gas ya fi.

Kada ka ƙone kara da yayi bayan girbi. Karan abincin dabba ne da rani, abin da ya rage taki ne, kuma yana riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. A wajen Fulatari, inda ciyawa ita ce dukiya, gobara ɗaya bayan damana tana cinye kiwon watanni, hayaƙinta kuma ya tafi ya zama ozon a kan wasu. Ku share hanyoyin tare wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, mai shayi ya binne garwashinsa kafin ya tashi. Injin ban-ruwa in ya fara baƙin hayaƙi, a duba matatar iskarsa da fulogi, a sake masa baƙin mai. Ajiye shi yadda iska za ta tafi da hayaƙin nesa da masu aiki. Jarkar fetur a rufe ta gam, a inuwa. Warin da kake ji kuɗinka ne ke tashi, kuma shi ne kayan haɗi na biyu da muka ambata.

Ɗanyen tattasai, tumatir, lemun tsami, garin ƴaƴan kuka da ganyen zogale suna da bitamin C. Busarwa da doguwar dahuwa suna rage shi. Cin su yana taimakon jiki, amma ba laya ba ne, ba zai hana kumburi ba in iska ta ɓaci. Kafso na masu talla a kasuwa kuwa, na kashe ƙwayar cuta ne, kumburin ozon kuma babu ƙwayar cuta a cikinsa. Shan sa barkatai asarar kuɗi ce, kuma yana sa maganin ya daina aiki ranar da ake bukatarsa.

Ƙaiƙayi da tarin da iska ta jawo sukan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu in an huta. Amma in tari ya wuce mako 2, ko akwai jini a kaki, ko rama da zufar dare, je gidan likita a gwada kakin, don tarin fuka yana warkewa in an sha magani har ƙarshe. In numfashi yana fito, ko mutum ba ya iya gama magana sai ya tsaya, kada a kwana. A kai jarirai rigakafi a kan lokaci, cikin alluran akwai ta ciwon haƙarƙari.

Ga aikin da za ka gwada yau, tun da yanzu ka iya ƙirga da rubutu. Sami agogo ko salula. Lokacin da yaro yake kwance lafiya, ba ya kuka, ɗaga rigarsa ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Rubuta lambar a littafinka, don ka san numfashinsa na lafiya. Ranar da yake tari, sake ƙirgawa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. In ya kai iyakar, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa a ranar, ka tafi da littafin ka nuna wa malamin asibiti lambobin biyu.